Antan ɗaya, dattawa biyu

Garinmu a cikin kwari yake, kusa da Buza. Duwatsu sun tsare mu, rediyo ba ya kama komai sai shuuu. Shi ya sa mahaifina ya kafa doguwar gora jikin katanga, ya ɗaura mata eriya, wadda mu muke ce wa antan. Waya ɗaya ta sauko daga sama, kuma rediyo ɗaya take ɗauka.

Maƙwabcinmu tsohon makiyayi ne, muna ce masa Kawu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ci-rani. Kowane hantsi sai ya shigo zaurenmu rungume da rediyonsa, a fara rigima. Baba labaran duniya yake so, Kawu kuma farashin dabbobi da gaishe-gaishe. Wannan ya cire wayar ya maƙala wa nasa, wancan ya fizge.

"Kai da ba ka da ko akuya yanzu, mi kaka yi da kuɗin shanu?" in ji Baba.

"Kai hwa, duniyar ta san da kai?" Kawu ya mayar masa.

Ni abin haushi yake ba ni. Ina ganin dattawa biyu suna zubar da girmansu a kan guntun waya. Da na fara aiki a Madawa, na samo ɗan ƙarfen da ke raba antan gida biyu. Na huda katanga, na ja wa Kawu tasa wayar har gefen shimfiɗarsa. Murya ta fito tas a gidajen biyu. Ranar har kaina ya yi girma. Kawu ya sa mini albarka, Baba ya ce, "To, madalla," bai ƙara ba.

Rigima ta mutu. Shigowar hantsi ma ta mutu, don Kawu mutum ne mai kunya, ba ya shiga gidan wani ba dalili. Sai dai mu ji rediyonsa ta kan katanga, mu ce Kawu yana nan lafiya.

Wata rana da kaka, ina gida hutu, rediyon Kawu ya kama tun safe bai tsaya ba. Har na yi wa Baba ba'a, na ce abokinsa ya samu abin yi. Sai da aka sallame azahar ba a ga Kawu a sahu ba, muka leƙa. Yana kwance a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Idonsa biyu. Tun bayan asuba ya faɗi, yana ta kira, rediyo ya danne muryarsa. A asibiti suka ce mun makara, ƙafar da hannun ba za su dawo ba.

Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. A hanyar komawa gida na kasa daurewa, na ce, "Baba, ni na ja."

Sai Baba ya ce, "Gyara ka yi, ɗana. Amma da can, in hantsi ya yi ban ji shi ba, da na tahi na jawo shi mu yi hwaɗa."