Ranar da Mai Goyo Ta Kulle Ƙofa

Rabin yaran layin a bayanta suka yi wayo, shi ya sa ake ce mata Mai Goyo. Da safe iyaye mata masu zuwa aiki sukan dire mata 'ya'yansu a tsakar gida, kowa da 'yar jakarsa, su wuce ko waiwaye babu. Mace ce mai faɗa, amma faɗanta bai taɓa hana yaro hawa cinyarta ba. Ɗakinta kuwa, sakatarsa har ta yi tsatsa don rashin amfani.

Da sankarar bakin mahaifa ta kama ta, an yi mata gashin ciwon da na'ura a asibiti, ta rame, ta tashi, ta koma raino. Abin da ya rage shi ne hoto. Lokaci-lokaci a kwantar da ita a tura ta cikin na'ura mai kama da bututu, a ce kar ta motsa, sannan ta dawo gida ta jira abin da likita zai gani. Ta tsani jiran nan fiye da gashin.

A hoton da aka yi mata na ƙarshe likita ya ga wani ɗan duhu da bai gamsu da shi ba, ya ce a yi wani irin hoton. Ba ta gaya wa kowa ba, balle 'yarta da ke da tsohon ciki. Wannan karon allura aka yi mata, wadda ke sa inda ciwo yake ya haska. Da aka gama, tana ɗaura zani wata ma'aikaciyar asibitin ta ce mata maganin zai ɗan jima a jikinta, kuma yana iya cutar da na kusa da ita, don haka kar ta ɗauki ƙaramin yaro, kar kuma ta zauna kusa da mai ciki, sai yamma ta yi.

Dama ta sallami yaran raino a kan za ta unguwa, sai ta ɗauka ta tsira. Tana shiga gida ta tarar 'yarta ta zo, tana zaune a kan tabarma, jikanta kuma ya taho da gudu, hannu a sama. Mai Goyo ta kauce masa, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan kowa ba. Ta faɗa ɗaki, ta yi ta kokawa da sakatar har ta shiga.

Ta ce kanta ke ciwo. 'Yar ta ce yaushe ciwon kai ya fara sa ta kulle ƙofa. Ta ce to barci take ji. Yaron ya yi ta dukan ƙyauren yana kuka, ita kuma ta koma can jikin bango ta takure. Tsoro ya kama ta sosai, ɗakin ya yi mata ƙanƙanta.

Sai ta ji 'yar ta zauna, ta jingina da ƙofar.

"Tashi daga nan," in ji Mai Goyo. "Ki matsa can nesa, ke da abin da ke cikinki."

'Yar ba ta tashi ba.

"Mama, daga asibiti kike? Ciwon ya dawo ne?"

"Ban sani ba tukuna. Ki dai matsa."

Ta ji an ja tabarma can nesa da ƙofar. Yaron ya gaji da kuka, ya kwanta a ƙasa, ya zuro yatsunsa ta ƙarƙashin ƙofa yana kiranta. Mai Goyo ta zauna a kan hannayenta don kar ta miƙa masa su.