Kwano Uku na Ƙasar Gonar Wani

Na fi shekara ashirin ina suyar awara a ƙofar gidanmu a Daura, amma a buhu kawai na san waken suya, ban taɓa ganinsa tsaye a gona ba. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, rabona ya faɗo kan wata 'yar jigawa a hanyar Baure. Yayanmu, babban ɗakinmu, ya ce in bar masa ita ya haɗa da tasa, duk kaka ya riƙa aiko mini da damin gero. Na san ba mugunta yake nufi ba. Yadda ya faɗi maganar ne ya tsaya mini a rai, wai me mai suyar awara ta sani a noma. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai. Na ce a ba ni damina biyu, in ban fitar da waken da zan yi awara da shi daga gonar nan ba, ya ɗauke ta. A gaban kawunmu muka yi maganar, saboda haka babu janyewa.

Daminar farko na sha kunya. Tsiro ya fito da kyau, ya kai tsawon taƙi guda, sai ya tsaya cak. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, karan siriri abin tausayi. Yaya ya zo ya zagaya gonar hannu a baya, bai ce komai ba ya tafi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani malamin gona da ke sayen awarata kullum da yamma. Na kai masa kuka, ya hau babur ya je ya gani. Ya tuge guda ɗaya, ya karkaɗe yashin, ya nuna mini saiwar sumul. Ya ce lafiyayyen waken suya yana da ƙulle-ƙulle a saiwa kamar ƙwayar dawa. A cikinsu wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna janyo abincin shuka daga iska su ba ta, ita kuma ta ba su masauki. Gyaɗa da waken gida suna da nasu a ƙasarmu tun kaka da kakanni, amma waken suya baƙo ne, nasa ba ko'ina suke ba, kuma a gonata babu su. Na ce, “Kenan kamar nono ne, sai an zuba tsohon tsami madara take kamawa?” Ya ce haka ne. In nemo ƙasa daga gonar da ta daɗe tana ba da waken suya lafiya, wadda babu cuta babu ciyawar wuta-wuta, in cuɗa da iri ranar shuka. Ya ce ya san gona ɗaya tak mai kyau irin haka, ta wani dattijo kusa da garin Babban Mutum.

Shi ya faɗi abinsa kamar aron tsintsiya. A wajenmu ba a roƙon ƙasar gonar mutum. Tun muna yara muke jin cewa wanda ya ɗebi ƙasar gonarka albarkarta ya kwasa, rumbunka ya rame nasa ya cika. Ina salla, na san Allah ne mai bayarwa, amma abin da aka ji tun ƙuruciya ba ya fita da sauƙi. Wata maƙwabciyata ta ce in aika a ɗebo a ɓoye kawai. Na ce a'a. In aka gano, sunan mai asiri ya bi ni, wa zai ƙara sa awarata a baki? Kuma ko ba a gano ba, sata ce.

Da ruwan farko ya sauka, na soya awara na cika kwano, na hau mota da hantsi. Na shiga wajen matar dattijon tukuna, tsohuwa ce 'yar gidan makiyaya, tana zaune da ƙwaryar nono a gabanta. Muka gaisa, ta aika aka kira mai gidan. Na durƙusa.

“Baba, roƙo na zo yi, kuma mai nauyi ne. Ƙasar gonarka nake so, kwano uku.”

Ya dube ni. “'Yar nan, 'yar gidan wa ce ke?”

Na faɗa masa.

“Na san mahaifinki. Ba a san shi da irin wannan ba.”

Idona ya kawo ruwa, rabi kunya rabi haushi. Na haɗiye, na kwashe bayanin malamin gona na faɗa masa, har da maganar nono. Bai motsa ba. Ina shirin tashi sai tsohuwar ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, “Malam, kullum sai an zo roƙon tsami wurina, kuma ƙwaryata ba ta taɓa ƙin kamawa ba.”

Sai ya ce, “To. Amma ni zan ɗiba da hannuna, da rana tsaka, kowa yana gani.”

Haka aka yi. Ya ɗauki fartanya muka je gonar, ya yi bisimilla, ya tono daga gindin tsofaffin kututturan waken bara, ya auna kwano uku a buhu. Ya ce Allah ya sa albarka. Na ji muryarsa ta ɗan yi rawa wajen faɗin haka.

Na rufe buhun da jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta kashe abin da ke ciki, washegari na yayyafa wa iri ruwa na cuɗa da ƙasar aka shuka. Daga nan kullum zuciyata tana gonar, har awara na ƙona sau biyu. Bayan sati shida ganyen ya yi kore shar. Na tuge guda ɗaya, sai ga ƙulle-ƙulle sun yi wa saiwar ado. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja, alamar da malamin gona ya ce ita ce ta masu rai da aiki. Na zauna a kan kunyar gona ni kaɗai ina dariya.

Da kaka dattijon ya sa aka kawo shi a babur ya ga gonar. Ya ce tasa ma ta yi yadda ta saba, babu abin da ya ragu. Da dariya ya faɗa, amma na lura sai da ya faɗa sau biyu. Na kai musu awarar waken farko, tsohuwar ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, ta cinye rabonta tas.

Yaya ya cika alkawari, gona ta zama tawa. Na bar saiwa da ganyen da ya zube suka ruɓe a wurin, shekara ta zagayo na sa gero, zangarniyarsa ta fi ta gonar Yaya da ke maƙwabtaka da ni. Na dai tabbata ya gani. Tun daga nan nake juyawa, bana wake baɗi gero, kuma babu abin da ke yi mini daɗi kamar ƙamshin ƙasar nan bayan ruwa.

Bara, gab da damina, Yaya ya zo gidana da buhu a naɗe a hamata. Ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya koma kan yara. Can ya sosa ƙeya ya ce, “Ƙasar gonarki nake so, ko kwano uku ne.”

Sai na ji gabana ya faɗi. Ni da na san bayanin, ni da na fasa ƙullin da farcena, kuma mai roƙon nan yayana ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. A lokacin na san abin da dattijon nan ya haɗiye ranar da ya auna wa baƙuwa ƙasarsa. Na tashi na ɗauko mayafi da fartanya.

“Tashi mu je, Yaya,” na ce. “Amma ni zan ɗiba da hannuna.”