Bunsurun da Ya Jira Baffa

A gidanmu ba ma yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu. Haka na taso na tarar. Kakanmu Bamaguje ne, har ya mutu bai taka coci ba, bai taka masallaci ba. 'Ya'yansa maza biyu kowa ya kama hanyarsa. Baba ya zama Kirista ya zauna a ƙauyenmu, can wajen Doguwa. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya musulunta ya koma Tudun Wada. Duk shekara ranar Kirsimeti da sassafe sai ga Baffa da wuƙarsa naɗe cikin tsumma, ya yanka mana bunsuru. Dalilin a fili yake. In Musulmi ne ya yanka, kowa zai ci, da maƙwabta, da Fulanin bayan rafi, da shi kansa Baffan. In mu muka yanka, za su karɓi kwano su yi godiya, amma mun san ba za a ci ba.

Ni na katse wannan zuwan, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu kafin rasuwar Baba muka yi rigima da Baffa a kan iyakar gonar fadama. Kunya uku ce kacal. Ya ce tasa ce tun rabon gado, na ce ƙarya ne, na tumɓuke gambar da ke kan iyakar. A gaban mai unguwa na ce masa, "Kai da ka daɗe da fita daga gidan nan, me ya dawo da kai?" Ya dube ni ya ce, "To, na fita." Bai sake taka ƙofarmu ba. Shekarun da suka biyo baya mahaucin ƙauye muke kira ya yanka. Baba bai taɓa ce mini komai a kai ba, sai dai ya daina zama a tsakar gida lokacin yanka.

Shekarar da nake magana a kai, ciwon daji ya cinye wa Baba ciki. Mun kai shi asibiti a Kano, likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida mu lallaɓa shi. Na gane abin da yake nufi, ko da ban yi karatu mai nisa ba. A aji biyu na sakandare Baba ya cire ni, ya ce gona tana buƙatar mutum ɗaya. Yayana ya ci gaba har jami'a, yanzu yana aiki a Kaduna. Ni ne mutum ɗayan. Wata bakwai ni ke ɗaga Baba, ni ke masa wanka, ni ke zubar da fo. Matata ke dama masa kunu, ya sha cokali uku ya kau da kai.

Yaya ya iso ana gobe Kirsimeti da mota, da buhun shinkafa, da iyalinsa cikin anko. Ya shiga ɗakin Baba ya yi kuka na minti biyar, ya fito yana tambayata me ya sa ɗakin ke wari. Na ce masa ya kwana a ciki zai gane.

Da gari ya waye na kwance bunsuru zan aika a kira mahauci. Sai na ji muryar Baba daga ɗaki. Ta shaƙe, amma ta fito.

"Mayar da shi turke."

Na leƙa na ce, "Baba, rana tana yi. Mata na jiran nama."

"Auta ne zai yanka."

Auta yake kiran Baffa, mutumin da ya haura saba'in, gemu duk furfura.

Yaya ya durƙusa gefen katifa yana magana a hankali, irin ta mutanen ofis. "Baba, ai yanka yanka ne. Mahaucin nan ma Musulmi ne, kowa zai ci."

"Na ce maka ban san addinin mahauci ba ne?" in ji Baba. "Auta zai yanka, ko kuwa bunsurun ya tsufa a turke ya mutu da kansa. Ni dai ba zan ga wata Kirsimetin ba, kun sani, na sani."

Yaya ya ce to bari ya ɗauki mota ya je ya ɗauko shi. Baba ya ɗaga yatsa ya nuna ni.

"Wanda ya kore shi zai je."

Na tsaya a bakin ƙofa raina a ɓace. Wata bakwai ina wanke mutumin nan, ranar biki kuma ni zai tura in je in durƙusa a kan kunya uku da har gobe na san tamu ce. Matata ta zo ta bayana ta ce, "Ka tafi kawai. Albasa ma na riga na yanka." Sauran suka shirya suka wuce coci. Ni na buga babur na kama hanyar Tudun Wada.

Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa a faranti. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya sanyi?"

Ya amsa kowace gaisuwa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, bai kuma ɗago ya dube ni ba. Da na ƙare ya ce, "Daga wane gida?"

"Baffa, ka san ni."

"Na san wani mai kama da kai. Gidansu na fita."

Na ce Baba ba shi da lafiya sosai, ya hana a taɓa bunsuru, ya ce sai ya zo.

"Shi ya aiko ka, ko kai ka zo?"

"Shi ya aiko ni. Don ta ni ne da ban zo ba."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Bakin kakanka ka ɗauko, ba ka rage komai ba." Ya ture farantin. "Yana cin abinci?"

"Kunu. Cokali uku."

"Yana tashi?"

"Sai na ɗaga shi."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Kuma ba wanda ya zo ya gaya mini."

Ni ne kuwa ya kamata in zo. Na sunkuyar da kai na ce, "Maganar da na faɗa a gaban mai unguwa, ban kyauta ba. Ka yi haƙuri." Maganar gona kuwa ban janye ba, shi ma bai tambaya ba. Bai ce ya yafe ba. Ya shiga cikin gida, na ji yana wasa wuƙa a dutse. Ya fito da babbar riga da hula ya hau bayan babur. Duk ramukan hanyar nan bai riƙe ni ko sau ɗaya ba, ƙarfen baya ya kama.

Mun iso an taso daga coci, gida cike da mutane, yunwa ta sa kowa ya yi shiru. Baba ya sa an fito da shi an jingina shi da bango a kan tabarma, an lulluɓe shi da bargo. Baffa ya yi sallama, ya gan shi, ya tsaya cak. Sai ya juya ya nufi turke.

"Kai, kama ƙafafun," ya ce mini. "Juya shi gabas. Ba nan ba, gabas na ce. Shekara nawa kana gani?"

Na danne bunsurun. Da Baffa ya yi bisimilla ya ɗora wuƙar, sau ɗaya ya ja. Ya wanke hannu a buta, ya goge wuƙar, sannan ya je ya zauna a bakin tabarmar Baba.

"Auta, ka makara. Ka bar jikokina da yunwa."

"Ɗan aikenka ne bai iya tuƙi ba."

"Ka tsufa."

"Kai kuma fa? Dubi yadda ka koma kamar karan dawa."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Baffa ya tallafe masa kai har ya lafa. Daga nan suka shiga hirar mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba, da wata jaka da ta taɓa jefar da su biyun a rafi. Yaya na ta zagaye su da waya yana ɗaukar hoto. Ni ina can ina fiɗa.

Da romo ya nuna, matata ta kawo a ƙaramin kwano. Na karɓa zan ba Baba kamar kullum, Baffa ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan." Ya hura ya kai masa baki. Ina tsaye ina ƙirgawa, Baba ya sha cokali bakwai, har da ɗan guntun nama da ya daɗe yana juyawa a baki. Ni kwana biyu ina roƙonsa ya sha na huɗu yana ƙi. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Aka rarraba abinci gida gida. Baffa ya yi azahar a zaurenmu, ya ci shinkafarsa, aka ƙulle masa wuyan bunsuru a leda, rabon mai yanka. Da la'asar na mayar da shi. Da ya sauka na tsaya ko zai ce wani abu a kan maganarmu. Ya ce, "Gobe kada ka zo, zan hau mota."

Ya kuwa zo. Ya zo washegari, ya zo ranar da ta biyo baya, kullum da hantsi, ya zauna bakin katifa har yamma. Wanka da fo suna nan a hannuna, ciyarwa ta koma nasa. Yaya ya koma Kaduna kwana uku bayan biki, ya ce aiki. Baba ya cika bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki, da rana tsaka, ina bayan gida ina wanke zanen gadonsa. Baffa ne a wajensa. Shi ya fito ya kira ni, ya ce in bar wankin haka.