Agogon Kawu Sule a Cikin Takalmi

A wannan watan na Afrilu Kawu Sule ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina kallon kalmar nan "rasuwa" kafin in bar ta a takarda, domin duk tsawon shekarun nan "ɓata" nake cewa.

Ƙanin mahaifiyata ne, Basarke daga Yauri, wanda ya iya iyo kafin ya iya karatu. Ya yi shekaru yana tuƙa tasi a New York, sannan ya sayi wani tsohon jirgin ruwa ƙarami mai tafiya da iska, ya ɗaure shi a City Island. Da sanyi ya ja baya sai ya kulle ɗakinsa na unguwar Morris Heights ya koma cikin jirgin. Abokansa na masallaci sukan tsokane shi: "Sule, kowa ya zo Amurka neman gida, kai ka zo neman kwalekwale?" Yakan ce wannan gidan dai ba maƙwabcin da zai buga masa rufi don ya yi tari.

Ina karatun digiri na biyu a lokacin, kuma na bi shi teku sau huɗu ko biyar, ba don ina so ba. Ina tuna shayi a kan ɗan risho, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da gishirin da ke bushewa a fatar mutum. Alwala da ruwan teku yake yi. Yakan daidaita alƙibla ya tayar da salla, kafin ya sallame jirgin ya juya da shi yana fuskantar Bronx. Da na nuna damuwa sai ya ce, "Malam mai digiri, Allah ya san inda na nufa."

Wata safiya a kusa da gaɓar Rockaway wani ƙaton kifi, wanda ake kira wel, ya taso kusa da mu ya fesar da numfashi mai warin ruɓaɓɓen kifi, ga dogayen gine-ginen birni can a bayansa. Ni na riƙe ƙarfen jirgi ina salati. Kawu kuwa murmushi yake yi. "Ashe giwan ruwanmu ɗan tsako ne," in ji shi. Wata rana kuma, cikin zafin Agusta, muka tarar da kififiyar teku ta sarƙe a igiyar wani tarko. Ya naɗe wandonsa ya ajiye, ya cire agogo ya sa a cikin takalmi, ya ciji wuƙa ya faɗa ruwa, ya yanke igiyar ya sake ta. Haka mahaifinsa ya koya masa: ba a shiga ruwa a hargitse, kuma ba a barin dabba ta mutu a tarkon da mai shi ya manta.

Na saya masa rigar ceto. Ya gode, ya rataye ta a ƙusa. A wurinsa ruwa ba ya cin Basarke. Mai yiwuwa a Yauri akwai gaskiya a maganar, ban sani ba. Amma ruwan nan a Afrilu ba kogin Kwara ba ne. Sanyinsa yana sandarar da hannu kafin gwani ya tuna gwanintarsa. Na karanta hakan, na kuma faɗa masa, sai dai a irin faɗata: "wataƙila", "an ce". Da na ɗaga murya, ko zai ji? Har yau ban iya amsawa ba.

Wata rana a Afrilu aka tsinci jirgin yana yawo shi kaɗai. Wando a naɗe, agogo a cikin takalmi, kuben wuƙa babu wuƙa, rigar ceto a ƙusarta. Abin da ya shiga kwancewa, Allah kaɗai ya sani. Ba a ga gawarsa ba.

Ni aka ɗora wa kiran mahaifiyarsa, kakata Iya. Na ce mata ana nan ana nema. Washegari ma haka. Shekara ta zagayo, na ce ba a tabbatar da komai ba. Ban ɗauka ƙarya nake yi ba, a ganina taka-tsantsan ne. Amma Iya ta riƙe maganata. Ta hana a yi zaman makoki, ta hana a yi masa sadaka, addu'arta kullum Allah ya dawo da Sule.

Yanzu mutane kan cika manyan jiragen yawon buɗe ido su je kallon wel, kowa da waya a sama. Ina jin Kawu zai yi musu dariya, sannan ya nuna musu inda za su duba. Abin da zai ce da ni ne nake tsoro. Bai taɓa son maganar da ba ta da gaba ba ta da baya ba.

A watan jiya Iya, wadda idonta ya kusa rufewa, ta kira ni da sunan wasan da take kirana. "Maigida, in ka san wani abu ka faɗa mini. Kada in je can in tarar ya riga ni, ban taɓa nema masa gafara ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duk abin da aka tarar a jirgin. Sai ta tambaye ni:

"Ya cire agogonsa?"

"Ya cire, Iya."

"To da ƙafarsa ya shiga. Allah ya jiƙan Sule."

Ranar Juma'ar da ta biyo aka yi masa sallar gawa ba gawa, a Yauri da nan Bronx. Jirgin an daɗe da sayar da shi, kabari kuwa babu wanda za a ziyarta. Abin da ya rage shi ne agogon, na aika wa Iya, da wata kififiya da ƙila tana raye a wani teku, da rigar ceton da ke rataye a ɗakina sabuwa fil. Shekara bakwai na addu'ar uwa na tauye masa saboda tsoron kalma ɗaya. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya taya mu cike giɓin. Allah ya gafarta masa, ya yafe mini.