Gadin Haƙorina

Da auren iyayena ya mutu, an raba tukwane da tabarmi lafiya lau, sai ni na rage. Al'ada ta ce ɗa yana wurin uwa har ya shekara bakwai, daga nan uba ya ɗauka. To, ba ni da takardar haihuwa. Inna ta rantse shekarata biyar, Baba ya rantse takwas, kuma dukansu masu salla ne.

Alƙali ya gaji da su, ya tura su biro, wato ofishin hukuma, wurin kumandan, don a Gaya ta lokacin soja ko rigimar akuya can take ƙarewa. Kumandan ɗin wani matashin soja ne mai gaggawa. Ya sa na buɗe baki, ya leƙa kamar mai sayen jaki, ya ce ranar da haƙorina na gaba ya faɗi, na cika bakwai, a kai ni wa Baba a Yelu. Har yau ina jin haushin mutumin nan.

Daga ranar Inna ta zama mai gadin haƙori. Ta hana ni nama, ta hana ni ƙanzo, ta hana ni guje-guje kada in faɗi ta baki. Kunu da safe, kunu da yamma, har na tsani ludayi. Baba kuwa, da bai taɓa saya mini ko alewa ba, sai ga shi ya zama mai kyauta. Duk ranar kasuwa gwaggona, ƙanwarsa, za ta iso da damin rake.

"Yaya ya ce a ba ɗiyarshi ta sha."

"An gode," in ji Inna. "Allah shi saka."

Gwaggo na juya baya, Inna za ta rarraba wa ƴaƴan maƙwabta. Rabin yaran unguwarmu sun yi giɓi da raken Baba, ni ina kallo ina haɗiyar yawu.

Duk da haka haƙorin ya fara girgiɗi. Inna ta kai ni wurin wanzami ko zai iya ƙarfafa shi. Ya ce shi cirewa ya gada.

Wata safiya ina shan kunu na ji babu shi. Na haɗiye. Na daina magana, na daina dariya, gaisuwa ma da ka nake amsawa. Na ɗauka na yi wa kowa wayo, har kumandan.

Inna ba ta ce in buɗe baki ba. Da yamma ta dawo daga kasuwa da tsire mai zafi a takarda, ta zaunar da ni a cinyarta, ta ce in ci duka. Ina ci, tana tsefe mini kai, don kada a ce a gidan Baba ta aiko ni da tsohon kitso.