Takalman Malam a Ƙofar Aji

Tun daga Gwarzo har Kabo, babu mutumin da ya gina gidaje kamar Mudassir ɗan Malam Muhammad Nur. Ya gina benaye, ya gina masallatai masu hasumiya, ya gina gidan mai, har da wani asibiti mai lambu a tsakiya. Bai taɓa saɓa alkawarin ranar gama aiki ba, bai taɓa faɗa da birkila ba, kuma a duk gine-ginensa babu wanda ya taɓa ko tsagewa. Suna nan lafiya lau a cikin kwamfutarsa, muddin akwai caji.

Ni ma ina cikin waɗanda ya gina wa. Ina da bene mai baranda, da rumfar ajiye motoci, ko da yake a yanzu babur nake hawa. Gidan ya daɗe a cikin wayata. Filin da za a ɗora shi a kai yana hanyar Lakwaya, bana gyaɗa na shuka a ciki, kuma alhamdu lillahi ta yi kyau.

A Masanawa aka haife mu ni da shi, kuma a gaban mahaifinsa muka yi karatu. Makarantar Malam ba ta da wuyar kwatance: wata tsamiya ce a ƙofar gidansa, da tabarmi a gindinta. In rana ta juya sai a ja tabarmi, in hadari ya haɗo sai a tashi yara. Mudassir yana biya karatunsa daidai gwargwado, amma bayan allonsa kullum cike yake da zane. Wata rana Malam ya juya allon, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kuma wace sura ce?"

"Soro ne, Baba."

"To, wanke shi. In ka girma ka gina na gaske."

Ya wanke. Rabin maganar na biyu kuwa shi ne abin da ya bi shi har yau.

Da ya gama sakandare ya tafi Kano ya karanta zanen gine-gine, ya dawo da kwamfuta a jaka da wata kalma a baki, wai tiri-di. Ma'anarta ita ce, maimakon a ba ka takarda mai layi-layi wadda sai magini ke ganewa, sai a nuna maka gidanka kamar an gama shi, da fenti, da tagogi, da inuwar la'asar a kwance a tsakar gida. Ya kama shago kusa da tasha a Gwarzo, mutane suka fara tururuwa.

Mu mutanen nan ba mu da rowa wajen gini, in dai a hoto ne. Mutum zai zauna kusa da Mudassir ya ce a ƙara masa hawa ɗaya, a faɗaɗa falon, a sa wa zauren tayil. A cikin kwamfuta siminti bai taɓa tashi ba. In an gama sai ya sa a buga masa hoton, ya kai gidan haya ya rataye a bango, baƙi su zo su yi masa fatan alheri. Na lura da cewa da zarar mutum ya ga gidansa a hoto sai hankalinsa ya kwanta, kamar wanda ya riga ya tare. Ni shaida ne, barcina ya gyaru sosai.

Bayan sallar la'asar mukan taru a ƙofar shagonsa, yana karanta mana labaran sana'ar daga waya. Wai a wasu ƙasashe akwai injin da ke tsiyayar da kwaɓaɓɓen siminti layi bisa layi har gida ya tashi, ba birkila ba lebura. Wai ƙananan jirage marasa matuƙi ne ke auna fili. Mukan saurara da natsuwa, sannan mu shiga muhawara a kan ko injin zai iya fitar da zaure yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Yawancinmu mun tafi a kan ba zai iya ba, kuma har yau injin bai zo ya ƙaryata mu ba.

Shi kansa gidan haya yake zaune, kuma rufin yana yoyo. Duk damina matarsa Asiya takan jera robobi a tsakar ɗaki, ta ce, "Injiniya, ko za ka zana mana kwano ɗaya a daidai nan? Ko mara fenti ne." Yakan yi dariya. Amma wata rana muna zaune ya ce da ni, ba tare da dariya ba:

"Jafaru, ka san abin da nake so? In jingina da bangon da na zana. Ko na banɗaki ne."

Damar ta zo ta hannun Alhaji Bashari, ɗan garinmu da ke fataucin albasa a Legas, wanda shi ma a gindin tsamiyar ya yi karatu. Ya bugo waya ya ce ya yi niyyar gina wa Malam ajujuwa, sadaka mai gudana, kuma da sharaɗi guda: ba ya son kowa ya sa ko bulo ɗaya. Ladan nasa ne shi kaɗai. A dai aiko masa da zane ya gani.

Nan take aka kafa kwamiti, duk da cewa babu aikin da ya rage wa kwamiti. Ni aka sa a matsayin ɗan boko, tunda ina koyarwa a sakandare. Aikina shi ne in aka kawo shawara in gyara zama in ce, "Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba." Ban taɓa wuce Kaduna ba, amma ba a taɓa tambayata ba.

Mudassir ya rufe shago ga kowa ya duƙufa. Da ya gama, sai ya aro wani tabarau daga wurin abokinsa a Kano, irin wanda in ka ɗaura a fuska za ka gan ka a tsaye a gaban ginin, ka juya hagu ka juya dama, har ka shiga ciki. Ya ɗauko shi zuwa Masanawa don mahaifinsa ya fara gani.

Malam ya ƙi da farko. Ya ce shi ba ya rufe idonsa da rana tsaka alhali ba barci zai yi ba. Sai da kwamiti ya sa baki sannan ya miƙe a gefen tsamiya, aka ɗaura masa. Ya ɗaga kai sama, ya sauke. Ya yi taku kaɗan ya tsaya cak, sai muka ji ya ce:

"Salamu alaikum."

Ya ɗan jira amsa, kamar yadda ya koya mana. Da bai ji ba, sai ya zame takalmansa, ya yi bisimilla, ya shiga da ƙafar dama. Muna kallonsa yana tafiya a kan turɓaya ba takalmi, yana lalube da hannu.

"Mudassiru."

"Na'am, Baba."

"Tagar nan ta yi. Iska na shigowa."

Iskar gindin tsamiya ce. Mudassir ya juya mana baya yana murza ido, sannan ya durƙusa ya ɗauki hoton takalman a inda Malam ya bar su.

Sai na yi bayanin takalman nan. Na fata ne, tsofaffi, an ɗinke igiyar na hagun da jan zare, diddigen na daman kuma ya cinye ta gefe ɗaya. Duk wanda ya yi karatu a Masanawa ya san su. In ka hango su a bakin tabarma, to Malam ya zauna, kai kuma ka makara. Wasunmu ma sun san su ta wata hanyar da ta fi kusa.

A lokacin ne kuma Mudassir ya samu wata sabuwar manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ke mayar da zane ya zama kamar hoton kyamara. Ya ce matsalar zanensa na da ita ce tsabta ta yi yawa, ba wanda zai yarda ginin a ƙasar nan yake. Don haka ya sa tsamiyar ta gaske a gefe, ya sa tabon ruwa a gindin bango, ya sa akuya a kwance a inuwa. A bakin ƙofar aji ya zuba silifas na yara a hargitse, a gefe kuma, su kaɗai a jere, takalman Malam.

Kwamiti ya duba ya yi kabbara. Aka yanke shawarar a tura wa Alhaji hoton haka nan ba wani bayani, don ya sha mamaki. Na tabbatar musu da cewa haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Ya kuwa sha mamaki. Kwanaki suka wuce ba mu ji daga gare shi ba, sannan ya kira ni muna zaune a shago, na buɗe murya kowa na ji. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi jikin Malam, ya sake tambayar iyali. Sannan ya ce:

"Malam Jafaru, wa ya yi mini haka?"

"Mudassir ne, Alhaji. Ai ya yi ƙoƙari."

"Mudassir ɗin da ko kwanon ɗakinsa bai canja ba? Ku dai faɗa mini gaskiya. Na ce ku bar mini ladan nan ni kaɗai, ina juya baya kuka ba wani."

"Alhaji, ba a gina komai ba. Zane ne."

"Zane? Na ga takalman Malam a bakin ƙofa. Har jan zaren na gani. Malam zai cire takalmi a ƙofar da babu ita?"

Mudassir ya karɓi wayar ya yi bayani mai tsawo a kan manhaja. Alhaji ya saurara, ya ce Allah ya yi albarka, ya kashe. Washegari muka je Masanawa muka ɗauki hoton wurin yadda yake, tsamiya da tabarmi da yara, muka tura masa. Amsa ta zo da sauri.

"Ni za ku yi wa wayon zamani? A Legas fa nake zaune. Na san yanzu kwamfuta tana iya goge gini daga hoto. Kunya kuke ji, shi ya sa."

Abin da ya rage shi ne Malam da kansa, tunda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Muka kira Alhaji, muka miƙa wa Malam wayar. Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ɗaya ce. Ajin nan kun shige shi ko ba ku shige shi ba?"

Malam ya auna maganar, don ba ya son ya ƙara ko ya rage.

"To, Bashari, shiga kam na shiga. Da ƙafar dama ma. Sai dai..."

"Ya isa, Malam. Allah ya sanya alheri, ya saka wa wanda ya yi."

Alhaji ba mai riƙo ba ne, amma yana da ƙa'ida: abin da aka yi niyyar bayarwa don Allah ba ya komawa aljihu. Dangin mahaifiyarsa suna Dugabau, su ma yaransu a rumfa suke karatu. Ya tura musu siminti da kwano da katako, ya haɗa da hoton Mudassir, ya ce a yi masa irin wannan sak.

Da ya zo gida da Babbar Sallah ya ga tsamiya da idonsa, sai ya tsaya ya cire hula ya yi salati. Ya zagaya ta baya, wai ko ginin yana can. Ya ba Malam haƙuri, ya ce in Allah ya kai mu baɗi, in kasuwar albasa ta yi kyau. Kwamiti ya ce amin, kuma har yanzu ba a rushe shi ba.

Bayan tafiyarsa na goya Mudassir a babur muka nufi Dugabau. Tun daga nesa ya gane shi. Ga tagogin, ga barandar, ga launin fentin. Maginan ba su da komai sai hoton, kuma an ce musu sak, don haka har tabon ruwan da ke gindin bango mai fenti ya zauna ya fitar da shi da kyau. Bayan ginin ne kawai ba ya cikin hoto, shi kuma suka yi masa yadda Allah ya hore.

Mudassir ya sauka, ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa shi. Sannan ya juya ya jingina, ya lumshe ido. Wani dattijo da ke wucewa ya yi mana sallama.

"Baƙi ne? Kun zo kallon makarantarmu? Ai wani babban injiniya ne a Legas ya zana ta."

"Ya iya aiki," in ji Mudassir, bai buɗe ido ba.

Na buɗe baki zan faɗi yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, sai aka fara yayyafi. Dattijon ya ce mu shiga daga ciki. Muka cire takalma a bakin ƙofa, muka zauna a bayan aji, yara suna ta biya karatu, ruwa na dukan kwano, ko ɗigo bai sauko ba.

Ruwan ya kai har Masanawa. Ranar ba a yi karatu a gindin tsamiya ba.