Babur ɗin Malam Garba Mai Mazarƙwaila

A da, in aka ƙwanƙwasa maka ƙofa a unguwarmu ta Danja da an idar da sallar asuba, ba ka firgita. Ka san Malam Garba mai mazarƙwaila ne, idanu jajur, ya kwana yana saƙa da warwara. Yanzu kuwa ko waya ce ta yi ƙara a wannan lokaci sai gaban mutum ya faɗi. Na yi fatauci daga Kumasi har Khartum, na ga masu sana'a iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda daɗin sana'arsa ya hana shi barci kamar Garba ba.

"Alhaji, fito! Na samo ta!"

"Dabarar da ka samo jiya fa?"

"Waccan ai gwaji ce."

Ni ya naɗa mai ɗanɗana masa mazarƙwaila, wai harshena ya yi yawon duniya. Ya sa citta a mazarƙwaila, na ce madalla. Ya sa kanumfari, na ce ba laifi. Ran da ya sa daddawa na tofar, na ce, "Wannan ko a Kumasi, inda ake cin ayaba da barkono, ba mai saye." Ya ce, "To, a kai Khartum."

Ga maƙo! Bai taɓa sayen kwanon zuba mazarƙwaila ba. Wata rana matarsa Ladi ta tuƙa tuwo, ta duba ba kwano ko ɗaya, duk ya cika su ya jera suna daskarewa, har da ludayi.

"Malam, a me za mu ci?"

"A hannu mana, Ladi."

Sai ta kawo masa nasa a cikin hularsa. Ya cinye tas, ya ce hula ta fi kwano riƙe zafi, a ci gaba.

Amma shekarar da dokinsa ya gurgunce, ba a yi dariya da farko ba. Dokin ne ke zagayawa yana jan dogon itacen da ke juya injin matse rake. Ga shi an riga an sare raken fadamarsa duka an tara, kuma kun san rake in ya daɗe a ƙasa tsami yake yi. Abincin gidan na shekara ke nan. Ba mai ba da aron doki, kowa na matsar nasa.

Da asuba sai ga shi. "Alhaji, ara mini babur ɗinka."

Ya ɗaure babur a jikin itacen, ya hau, ya murɗa totur. Wallahi inji ya juya, ruwan rake ya zubo! Muna kabbara, sai jiri ya kwashe shi, ya faɗa cikin tarin tuƙar rake, ƙafafu a sama.

Na ce, "A Sudan na ga raƙumi yana juya injin man riɗi, amma rufe masa ido suke yi don kada jiri ya ɗebe shi."

"Kai, Alhaji! Shi ne ka yi shiru tun ɗazu? Miƙo rawaninka."

Ya naɗe idanunsa ya sake hawa. Jama'a suka taru suna kallon dattijo mai furfura yana tuƙa babur ido rufe, yana ihu, "Ku ba ni hanya!" Ladi ta ce, "Ina za ka, Malam?" Bai daɗe ba ya sake faɗawa cikin tarin tuƙar raken.

Yana kwance nan yana kallon sama, sai ya ce a hankali, "Wai shin dole ne sai da mutum a kai?"

Ya tashi ya ɗaure kan babur da totur da robar taya, ya sake shi. Babur ya yi ta zagaye shi kaɗai. Kafin rake ya yi tsami an matse shi duka. Ni dai aka dawo mini da babur yana karkata hagu, har na sayar da shi bai ƙara tafiya miƙe ba.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Ladi haƙuri. Tun daga waccan shekarar, ba a sake ɗaura doki a injin rake a fadamarmu ba, sai babur.